Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa UB40, ƙungiyar mawaƙan rege ta birnin Birmingham a Ingila, sunan takardar zaman kashe wando ta ɗauka? UB40 lambar wani fom ce da a da gwamnatin Birtaniya ta riƙa ba marasa aikin yi, su riƙa nunawa in za su karɓi kuɗin tallafi. Samarin da suka kafa ƙungiyar a 1978, baƙaƙe da farare, yawancinsu da wannan tallafin suke rufa wa kansu asiri. Kayan kiɗansu na farko ma da kuɗin diyya aka saye su, wadda aka biya mawaƙinsu Ali Campbell bayan an ji masa rauni a fuska a wata mashaya. Abin dariyar, da yawansu ba su ma iya kaɗa kayan ba tukuna! Da suka fitar da kundinsu na farko, Signing Off, a 1980, hoton fom ɗin suka buga a bangonsa, da jan hatimi mai nuna sun bar layin tallafi. A 1983 waƙar Red Red Wine ta kai su matsayi na ɗaya a Birtaniya, a Amurka kuwa sai 1988.