Kafin Ɗan Kasuwa Ya Doshi Kotu

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu inda wannan magana ta fi zama daram kamar kasuwannin ƙaramar hukumar Fagge ta Kano: Kantin Kwari, Singa, da kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi ta Sabon Gari. Kullum dilolin atamfa da shadda, da buhunan sukari, da kayan gyaran mota suna fita zuwa Maraɗi da Damagaram da Maiduguri, yawancinsu a kan kalma ɗaya tak: "in ka sayar ka kawo." Amana ce ta gina waɗannan kasuwanni, kuma ita ke riƙe da su. Amma ranar da amana ta karye, dattawan layi suka yi nasu suka gaji, sai magana ta koma gaban alƙali. A nan ne mutane da yawa ke gane cewa gaskiya kaɗai ba ta isa ta ci shari'ar kasuwanci ba. Sai mai gaskiya ya shigar da ƙararsa inda ya dace, ya zo da hujjar da doka ta yarda da ita, ya kuma san yadda zai karɓi abin da aka yanke masa.

Wace kotu ce ke da hurumi?

Tun a 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, kotu mafi girma a ƙasar nan ta kafa ƙa'idar da lauyoyi ke ambato har gobe: duk shari'ar da kotu ta yi ba tare da hurumi ba, aikin banza ce, komai kyan yadda aka gudanar da ita. Mutum zai iya shafe shekaru yana sintiri, ya yi nasara, sannan kotun sama ta rushe komai saboda tun farko ba a nan ya kamata a shigar da ƙarar ba.

Akwai masu zaton Babbar Kotun Tarayya, wadda ke zama a Gyaɗi-Gyaɗi, ta fi Babbar Kotun Jiha ƙarfi, don haka babbar magana can ake kai ta. Ba haka ba ne. Matsayinsu ɗaya, kuma daga dukkansu Kotun Ɗaukaka Ƙara ake wucewa. Bambancin yana ga irin maganar da kowacce ke saurare. An kafa ta tarayya a 1973 a matsayin kotun harajin gwamnatin tarayya, tsarin mulkin 1979 ya ba ta sunan da take amsawa yanzu, sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 kuma ya jera abubuwan da ita kaɗai za ta duba. Daga ciki akwai kwastam, harajin kamfanoni, rikicin cikin kamfani tsakanin masu hannun jari da daraktoci, tambarin kaya da haƙƙin mallakar fasaha, jiragen ruwa da na sama, magunguna, da ƙalubalantar matakin da wata hukumar tarayya ta ɗauka.

Saboda haka, wanda jami'an kwastam suka riƙe wa kwantena, ko wanda aka kwaikwayi tambarin da ya yi wa rajista aka buga a jikin jabun kaya, Gyaɗi-Gyaɗi zai nufa. 'Yan magani na Sabon Gari sun ga wannan a aikace. A watan Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya, ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda, ta yanke hukunci a kan takaddamar komawarsu sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, kuma cikin 'yan kwanaki hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,000 a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja.

Amma bashin ciniki zalla, wato na ba ka kaya ba ka biya ni ba, ba na kotun tarayya ba ne, ko da kuɗin sun kai biliyan. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2005 a shari'ar Onuorah da matatar mai ta Kaduna, duk da cewa wanda aka yi ƙara kamfanin gwamnatin tarayya ne. Haka rikicin mallakar fili ko shago, na kotun jiha ne. Saɓani tsakanin mutum da bankinsa kuwa, hukuncin shari'ar NDIC da Okem na 2004 ya nuna cewa kotunan biyu duk suna iya sauraro. Rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki yana da tasa kotun daban, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kotunan Musulunci na Kano suna sauraron ƙarar bashi da ciniki tsakanin Musulmi, sai dai sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan aure, gado, wasiyya, waƙafi, kyauta da riƙon yara, don haka mai shari'ar ciniki ya tambayi lauya inda zai ɗaukaka ƙara kafin ya biya kuɗin rajista.

Kanawa ba sa buƙatar dogon bayani a kan illar wannan ruɗani. A rikicin masarauta na 2024, kotun tarayya da ta jiha sun yi ta ba da umarni masu karo da juna, har sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce, a watan Janairun 2025, maganar sarauta ba ta cikin hurumin kotun tarayya. Idan manya masu manyan lauyoyi suka faɗa wannan tarko, ina ga mai shago ɗaya a Kwari?

Wa ake ƙara, kuma yaushe?

Sunan da ke jikin allon shago ba lallai ne ya zama wanda doka ta sani ba. Kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista mutum ne mai zaman kansa a idon doka: shi ake ƙara, kuma dukiyarsa ce ke biyan bashinsa, ba gidan Alhaji ba, sai fa in Alhajin ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin. Wanda kuwa sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, bashin yana wuyansa kai tsaye. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, saboda haka kafin a saki kaya masu yawa, a duba rajistar abokin ciniki a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC.

Cinikin Sabon Gari ya ratsa Legas da Onica da Aba. Sammacin Babbar Kotun Jiha da za a kai wa wanda ke wata jiha yana da ƙa'idarsa: sai an rubuta a jikinsa cewa a wajen jihar za a miƙa shi, a kuma ba mutumin aƙalla kwana 30. Ƙaramin kuskure irin wannan ya sha kashe ƙara. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa musu hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya.

Lokaci ma yana cinye haƙƙi. Doka ta ƙayyade shekarun da za a iya neman bashi a kotu, kuma kawaici ba ya tsayar da lissafin. Ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata a bakin aiki, a ƙa'ida, wata 3 ne wa'adinta. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu wata 3 ne in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 in na tsakiyar shari'a ne.

Hujja

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk da haka, har yanzu akwai mai jin nauyin ce wa abokin cinikinsa "mu rubuta," wai kada ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Alƙali bai san zumuncin da ke tsakaninku ba, abin da aka ajiye a gabansa yake dubawa. Takarda ɗaya mai ɗauke da sunaye, irin kaya, adadinsu, farashi, ranar biya, da sa hannun shaidu biyu, ta fi rantsuwar mutum goma amfani. Littafin shago, rasit, da takardar direban da ya ɗauki kaya, duk hujja ne.

Yau rabin ciniki a waya ake ƙulla shi. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da saƙon WhatsApp, da muryar da aka naɗa, da bayanin shigar kuɗi na banki, amma da sharaɗi: sai an haɗa da takardar tabbaci, ko shaidar baki a gaban kotu, da ke bayyana na'urar da aka ciro su da kuma cewa tana aiki daidai. Don haka kada a goge hira da abokin ciniki, kada kuma a yar da tsohuwar waya alhali akwai kuɗi a ƙasa. Masu oda daga Guwanzu ko Dubai su karanta ƙasan takardar yarjejeniya. Sau da yawa akwai layin da ke cewa in an samu saɓani a wata ƙasa za a warware shi gaban masu sasantawa, kuma kotunan Nijeriya suna mutunta irin wannan sharaɗi.

Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne

Al'ada ce a kasuwa a "kai mutum" don a tsorata shi ya biya. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wanda aka tsare a kan haka yana iya kai ƙarar tauye haƙƙi, a ci mai bin bashin diyya tare da waɗanda suka yi kamun. Sai a wayi gari mai neman kuɗinsa shi ke biya. Inda maganar ke zama laifi shi ne damfara, ko ba da cek alhali babu kuɗi a asusu, wanda dokar 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara 2.

Hukunci daban, kuɗi a hannu daban

A watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan filin Idi na Ƙofar Mata, dab da Kantin Kwari. Ƙungiyar masu shagunan ta garzaya Babbar Kotun Tarayya da ƙarar tauye haƙƙi, a watan Satumba kotun ta yanke musu diyyar Naira biliyan 30. Da biya ya gagara, sai suka samo umarnin riƙe asusun gwamnati a bankuna. A watan Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3, kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yanke. Darasi biyu ne a nan. Na farko, sun kai ga haka ne domin sun tafi a ƙungiyance da rajistarsu. Na biyu, ko an yi nasara, akwai sauran aiki: riƙe asusun banki, ko kama kadara a yi gwanjonta, ga ɗaukaka ƙara da ke iya dakatar da komai. Shari'ar gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Asibitin Zana na Fagge a 1996 ta zagaya kotunan Nijeriya da na Amurka, amma da sulhu ta ƙare, inda a 2009 kamfanin ya daidaita da gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75. Saboda haka, kafin a shigar da ƙara, a fara tambaya: wanda zan kai yana da abin da za a kama?

Hanyoyi masu sauƙi

Ba kowane bashi ne ke buƙatar Babbar Kotu ba. A farkon 2019 Kano ta buɗe kotun ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistarori. An fara ta da iyakar Naira miliyan 5, ana son a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya. Sharaɗinta shi ne adadin kuɗin ya zama sananne, kuma a fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya. A Babbar Kotu ma akwai gajeriyar hanya ga bashin da takardu suka tabbatar, inda ake yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba matuƙar wanda ake ƙara bai nuna wata kariya ta gaske ba.

Tun 2009 kuma sashen shari'a na jihar yake da cibiyar sulhu, inda ake zaunar da masu jayayya su daidaita, alƙali ya sa hannu, yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu. Dokar sasantawa ta ƙasa ta 2023 ta ƙara wa irin wannan sulhu ƙarfi. Wannan ya dace da ɗabi'ar kasuwa, inda wanda kuka yi rigima da shi yau, gobe maƙwabcin rumfarka ne. Abin da ya rage ga shugabannin kasuwa shi ne su riƙa rubuta sulhun da suke yi a ofisoshinsu, kowa ya sa hannu, domin sulhun baka yana mutuwa ranar da ɗaya ya musa.

Kira ga 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari shi ne, a daina jiran sai rigima ta ɓarke kafin a nemi lauya. Ranar ƙulla ciniki ake shirya wa shari'a. A rubuta bashi komai kusanci, a san ainihin sunan wanda ake hulɗa da shi, a adana rasit da saƙonnin waya, a nemi haƙƙi kafin lokacinsa ya wuce. Kuɗin da lauya zai karɓa ya duba yarjejeniya ta shafi biyu bai kai abin da zaman kotu na shekara ɗaya zai ci ba.