Fentin Wilin Mota: Ado Ne, Amma Kada Ya Rufe Aibi

Mutumin ƙasar Kunci ba baƙon ado a jikin abin hawa ba ne. Manyan motocin katako da ke kwasar gero da dawa da wake da gyaɗa daga kasuwanninmu na ƙauye zuwa Dawanau sun daɗe suna yawo da zanen zaki da dawisu da masallaci a jikinsu, ga addu'a ko habaici a rubuce a goshi. Wanda ya sunkuyar da ido ƙasa kuma zai ga har ƙafafun ba a bar su haka ba: wili ja da farin zobe, ko kore, ko ruwan azurfa. 'Yan acaɓa na naɗe wayoyin ƙafar babur da robobi masu launi, masu Golf da Sharon na haya tsakanin Bichi da Kazaure da Dambatta kuwa ba sa rasa fesa wa wili baƙi ko ruwan toka kafin Sallah. Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Direbobin Pakistan sun yi suna a duniya wajen ƙawata manyan motocinsu, haka masu motocin haya na Nairobi da Dakar da Manila. Duk inda mota ta zama hanyar cin abincin mutum, sai ka ga ya yi mata kwalliya.

Ba laifi ba ne. Sai dai wili ba ƙofa ba ne, ba kuma murfin inji ba. Shi ke ɗauke da nauyin motar da na mutanen da ke ciki, don haka fentinsa yana da ƙa'idojin da fentin sauran jiki ba shi da su, kuma da yawa daga masu yi da masu biyan kuɗin aikin ba su san su ba.

Wili iri biyu ne a hanyoyinmu. Akwai na baƙin ƙarfe, irin wanda tsofaffin Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 suka zo da shi, shi ne kuma ke ƙarƙashin J5 da manyan motoci da keken A Daidaita Sahu. Yana da nauyi, yana da arha, idan ya faɗa rami yakan lanƙwashe, a buga shi ya dawo. Maƙiyinsa tsatsa. Akwai kuma na alminiyam, wanda ake ce wa aloy, mai sauƙin nauyi da kyan gani. Shi ba ya yin jan tsatsa, amma yakan yi farin gari a ƙarƙashin fenti, kuma idan ya sha mugun duka tsagewa yake yi maimakon lanƙwashewa.

Saboda haka amfanin fenti na farko kariya ce, ado na biye. Motocin da muke saye na hannu, waɗanda ake shigo da su ta Kwatano ko Legas, da yawansu sun yi shekaru a ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma ya riga ya fara cin ƙarfen kafin motar ta iso Kano. A nan sai ta tarar da nata rabon: laka da kwatami da damina, yashi da tsakuwa da rani suna kankare fentin a hankali. A yanki irin namu da gona ke manne da gona, akwai wani abin kuma. Amalanken shanu da ake kai taki gona da ita kafin faɗuwar damina, galibi da tsohon gindin mota da wilinsa ake ƙera ta. Takin gida mai danshi da takin zamani duk suna cin ƙarfe da sauri. Manomin da ya goge wilin amalankensa ya shafa masa fenti sau ɗaya a shekara ba almubazzaranci ya yi ba. Tsatsa idan ta kama bakin wili, inda leɓen taya ke zama, iska ta dinga zurarewa ke nan, musamman a tayar da ba ta da tub, mutum ya yi ta zarya wurin mai faci yana zagin taya, alhali laifin na ƙarfe ne.

Aikin ƙwarai ba a fesawa yake ba, a shiri yake. Sai an kwance wilin daga mota, an cire taya idan da hali, an wanke da omo har maiƙon giris da baƙin ƙurar birki su fita, sannan a bi shi da burushin waya da samfefa har a ga farin ƙarfe a duk inda tsatsa ta taɓa. Daga nan a yi shimfiɗar farko, wadda ke kama ƙarfe, kuma ta alminiyam daban take da ta baƙin ƙarfe. Sannan launi, a fesa sama-sama sau biyu ko uku ana barin kowanne ya sha iska, a ƙarshe a rufe da mai sheƙi. Mai fentin da ya tsaya a bakin titi ya kare taya da kwali ya fesa gwangwani ɗaya a kan datti, ya karɓi kuɗinsa cikin rabin awa, kwalliyar mako biyu ya sayar. Da hunturu ma sai an nemi wuri mai rufi, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti. A manyan birane akwai masu fentin gari, wanda ake fesa shi busasshe da taimakon lantarki sannan a gasa wilin a tanda mai zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200. Ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, ya kuma fi tsada.

Yanzu ga inda hatsarin yake, kuma nan nake so mai karatu ya natsu. Akwai wurare a jikin wili da ba a son fenti mai kauri: bayansa, inda yake haɗuwa da ƙarfen da ake ɗaura shi a kai, da ramukan da noti ke zama, da zaren kusoshin kansu. Dalili kuwa, abin da ke riƙe wili matsin ƙarfe ne a kan ƙarfe. Idan aka shiga tsakaninsu da fenti mai kauri, ko wanda bai gama bushewa ba, za a ɗaure noti ya yi tamau a gareji, amma da an hau hanya birki ya ɗau zafi, fentin ya yi laushi ya murƙushe, sai a sami ɗan sarari. Noti ya saki, wili ya fara wasa, ramukan su buɗe, kusoshi su karye ɗaya bayan ɗaya. Kamfanonin da ke ƙera wilin manyan motoci a Amurka sun ƙayyade cewa kaurin fenti a wannan fuskar kada ya kai kashi 1 cikin 10 na milimita, wato kusan kaurin takarda. Suna kuma ba da shawarar a sake duba ɗaurin noti bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 160 duk lokacin da aka mayar da wili. A lissafinmu, wanda ya fito daga fenti ya je Kano ya dawo Kunci, to ya nemi sifana kafin ya sake yin lodi. A tirela da sauran motoci masu tagwayen taya a baya abin ya fi muni, domin fuskokin da ke haɗuwa sun fi yawa, kowacce da nata fentin.

Hatsari na biyu na ha'inci ne. Fenti na rufe tsaga. Wilin aloy da ya tsage aka yi masa walda a ɓoye, aka cike da foti aka fesa ruwan azurfa, ba ka bambanta shi da sabo sai ranar da ya rabe a guje. Duk mai sayen wili na hannu, a Ƙofar Ruwa ne ko a wata kasuwa, ya juya shi ya dubi ciki, ya shafa da hannu ya ji ko akwai tudun walda, ya duba ramukan noti ko sun zama kamar ƙwai maimakon da'ira. Ni dai tsohon wili da fentinsa na asali, ko da ya koɗe, ya fi kwanta mini a rai a kan wanda aka yi wa sabon fenti jiya ba a gaya mini dalili ba. Haka mai sayen mota: sheƙin ƙafa ba shaidar lafiyarta ba ne.

Wuta ma abin tsoro ce. Wasu kan ƙona tsohon fenti da wutar walda don su huta da gugar samfefa. Alminiyam ɗin wili an gasa shi ne a masana'anta a kan wani ma'auni don ya yi ƙarfi, zafin da ya wuce kima na kashe wannan ƙarfin ba tare da ido ya gani ba. Yin walda a jikin wili alhali taya na kai kuwa ya kashe mutane a ƙasashe da dama, ko da an sace iskar, domin zafin na sa robar ta fitar da iskar gas a ciki har ta fashe.

Sai lafiyar mai fentin kansa, da yaran da ke koyon aiki a hannunsa. Tina da fentin mota mai haɗi biyu suna da sinadaran da ke jawo asma da ciwon kai da lalacewar fata, tsumman da ake ɗaurawa a hanci kuma ba ya tare su. Gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai da ake sayarwa a Najeriya sun sha nuna dalma mai yawa, musamman a rawaya da ja, launukan da muka fi so. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito. Kada a goge tsohon fenti a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kada kuma a ci abinci da hannun da bai sha sabulu ba. Tsohon wilin da aka mayar murhun gawayi, a bari fentinsa ya ƙone sarai a fili kafin a ɗora tukunya ko a gasa nama a kai.

Shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi su ne suka fi kusa da wannan magana, sun fi jami'an kiyaye haɗurra ganin motocin nan kullum. Motar da ta dawo layi da sabon fenti a ƙafa, a tambayi direbanta ko an kankare bayan wilin, a kuma sa ya taɓa notinsa a gaban idon kowa kafin fasinja su shiga.