"Likita ne ya ce": kin tabbata shi ne ya faɗa?

Kwanakin baya wata uwa ta kawo mana jaririnta ɗan wata biyu yana ta gudawa. Na tambaye ta me take ba shi, ta ce nono da ruwa, "ai likita ne ya ce saboda zafi." Mu kuwa abin da muke nanatawa kullum shi ne nono zalla har wata shida. Da muka bi diddigi, ashe wata mata ce ta gaya mata a kan bencin jira ranar riga-kafi, ga goyo yana kuka, ga kunnenta a kan kiran suna.

Ba ƙarya ta yi ba. Maganar ta zauna, mai maganar ta ɓace, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin: tunda a asibiti aka ji, to likita ne.

Masana sun gwada wannan. A 2000, Ute Bayen da abokan aikinta sun gabatar wa mutane maganganu daga bakin wani likita da wani lauya. Duk wadda suka manta mai ita, in ta yi kama da zancen lafiya sai su jingina wa likita. Sherman da Bessenoff kuma, a 1999, sun gano cewa idan aka shagaltar da hankalin mutum da wani aiki, ya fi saurin ɗora wa wani abin da ya dace da zaton da ake yi wa irinsa, ko da ba shi ya aikata ba.

To wace uwa ce hankalinta ba a rabe yake ba? Tukunya a wuta, waya a kunne, yara na faɗa. A irin wannan hali kika ji baƙar magana, bayan mako guda kina rantsuwa kishiya ce ta faɗa, ko 'yar aiki, ko yaron nan da aka riga aka yi wa tambarin rashin kunya. Ni ma na taɓa yi wa ɗana na tsakiya faɗa a kan ashar ɗin da daga baya yayarsa, "salihar" gidan, ta amsa cewa ita ta yi. Har yau abin yana damuna.

Yanzu kafin in ce "wane ya ce", nakan tambayi kaina: ina nake tsaye, me nake yi, na ga fuskarsa? Iyayen da nake dubawa kuma nakan ce su rubuta shawarar a waya nan take, tare da sunan ma'aikacin da ya ba su.

Jaririn ya warke. Kafin su tafi na rubuta mata a bayan katinsa: nono zalla, ban da ruwa, na sa sunana a ƙasa.