Tsohon jirgin su a bakin Bakolori: Abin dubawa kafin a sallama

A ƙarshen rani, idan ruwan madatsar Bakolori ya ja baya ya bar taɓo, akan ga tsofaffin jiragen su a kife a gaɓa, rana tana dukansu. Masu wasu sun tsufa, wasu sun koma noman rani, wasu kuma matsalar tsaro ce ta raba su da mashigar da suka saba. Irin waɗannan jirage ne ake yi wa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati tallarsu a Talata Mafara, a ce masa "gyara kaɗan yake so", ya saya ya danƙa wa masunci su riƙa raba abin da aka samu.

Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Tafkinta ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya cinye gonaki da ƙauyuka a yankin Maradun, kuma rigimar diyyarsu ce ta kai ga kashe manoma a watan Afrilun 1980. Daga ƙasa kuwa, wajen Bakura, ambaliyar da ke cika fadamu kowace shekara ta ragu. Masuncin da ya saba da gurbin gulbi sai ya wayi gari a gaban ruwa mai faɗi da zurfi, inda iska ke tayar da igiya. A irin wannan ruwa, lafiyar jirgi ita ce ran mai shi.

Jiragen iri biyu ne. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda aka rarake daga gungumen itace guda, kamar maɗaci. Manyan itatuwa sun yi wuya yanzu, don haka tsohon sassaƙaƙƙe yana da daraja ko da ya sha ruwa. Amma idan ya tsage a tsawonsa, facin langa-langa da kwalta jinkiri ne kawai. Akwai kuma na katako da aka harhaɗa da ƙusa. Shi wannan ya fi karɓar gyara, domin ana cire ruɓaɓɓen falle a maye gurbinsa, muddin haƙarƙarin da ke riƙe da shi daga ciki bai ciwu ba.

Kuɗin jirgi yana ƙasansa ne, inda ido ba ya kaiwa sai an kife shi. A ƙwanƙwasa katakon tun daga goshi har baya: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take. A soka tsinin wuƙa a gindin kowace ƙusa, domin nan tsatsa ke fara cin itace. A duba hanyar gara. Sabuwar kwalta mai sheƙi a jikin tsohon jirgi abar tambaya ce, ba abar yabo ba.

Sai gwajin ruwa, kuma a nan ne baƙo ke yawan ruɗewa. Jirgin da ya daɗe a tudu dole ya yi yoyo ranar farko, saboda katakon ya bushe ya janye. Wannan ba aibi ba ne. A bar shi ya jiƙa kwana biyu ko uku har itacen ya kumbura, sannan a kwalfe shi tas, a ɗora masa buhunan yashi, ya kwana. Ruwan da aka tarar a cikinsa da safe shi ne gaskiyar maganar. Mai sayarwa da ya ƙi yarda da wannan jira ya riga ya ba da amsa.

Idan da inji, a yi cinikinsa daban. A tayar da shi da sanyin safiya, a ga ko yana fitar da ruwan sanyaya shi, a kuma duba man giya: idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin fetur yana iya cinye ribar karfasa da tarwaɗar yini guda, don haka kada inji ya ruɗi mai saye.

Shi ma mai sayarwa akwai nauyi a kansa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Zamfara ke bi, wajibi ne a bayyana aibin kaya, kuma malamai sun ce a fayyace shi, ba a dunƙule ba. Ke nan "yana son gyara" bai wadatar ba; sai an ce falle kaza ya ruɓe, gindi ya taɓa tsagewa an yi masa faci. Wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. A ganina ma fayyacewar ta fi riba, domin mai saye da ya ga ana noƙe-noƙe yakan yi tayin itacen wuta ne. A yi cinikin a gaban Sarkin Ruwa ko wakilinsa, wanda ya san ko jirgin na gado ne da ba a raba ba, ko kuwa jingina ne. A rubuta aibobin, da kuɗin, da la'adar dillali, shaidu su sa hannu.

Saura tambaya guda da ba kasafai ake yi ba: me za a yi da jirgin? Wanda aka yi domin mutum biyu da koma, sau da yawa yakan ƙare a fito, ana loda masa manoma da buhuna da babura, musamman inda hanyar tudu ta zama abar tsoro. A watan Satumban 2024 wani jirgi ɗauke da manoma ya kife kusa da Gummi, mutane da dama suka rasu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana lodin wuce kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, amma jami'inta ba ya tsaye a kowace mashiga. Ma'aikacin da ke zaune a Gusau yana jiran kasonsa ba zai ga lodin da aka yi wa jirginsa ranar Talata ba. Saboda haka tun ranar ciniki ya dace a rubuta cewa jirgin na su ne kawai, a kuma gaya wa Sarkin Ruwa haka da baki.