Nuba: Ƙasar Da Ruwa Ya Ci, Da Abin Da Aka Tsamo Na Tarihinta

A wannan mako muna so mu kai masu karatu kudancin Masar, inda Kogin Nilu ke ratsa hamada tsakanin duwatsu. Daga Aswan zuwa cikin arewacin Sudan, a dā kogin yana bi ta wani kwari matsattse, ƙauyuka da gonakin dabino suna jere a bakinsa, bayansu kuwa sai dutse da rairayi. Wannan ita ce ƙasar Nuba.

A shekarar 1960 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta soma gina babbar madatsar Aswan, wadda Larabawa ke kira Saddul Ali, aka gama ta a 1970. Tsawonta daga ƙasa zuwa sama mita 111 ne. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 500, wanda ya shiga har cikin Sudan. Madatsar ta ba Masar lantarki da ruwan noman rani, ta kuma kange ambaliyar shekara-shekara. Amma kimanin mutum 100,000 aka tasa daga gidajen kakanninsu. Na Masar aka kai su Kom Ombo, na Sudan kuwa aka kwashe su a jirgin ƙasa daga Wadi Halfa zuwa Khashmul Girba a gabas, daga farkon 1964.

Tun ranar 8 ga Maris 1960 hukumar UNESCO ta yi kira ga duniya a ceci kayan tarihin Nuba. Ƙasashe wajen 50 suka taimaka, aka shekara 20 ana aiki. Mafi shahara shi ne na Abu Simbel, ginin Fir'auna Ramsis na Biyu da aka sassaƙa cikin dutse. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanyanka shi gida fiye da 1,000, aka sāke harhaɗa shi a kan tudu, mita 65 sama da mazauninsa na asali. Waɗansu gine-ginen, kamar na Buhen da Semna, aka kai su harabar gidan tarihi na Khartum.

To, amma ga ɗalibin ilmi, abin da ya fi jan hankali yana Ƙasru Ibrim. Wannan tsohon birni ne mai ganuwa a kan tsauni, saboda haka ruwa bai haɗiye shi duka ba, ya mai da shi tsibiri. Busasshiyar iskar hamada ta tsare dubban takardu a cikin jujinsa, da harsuna daban-daban, har da Girkanci da Ƙibɗanci da tsohon harshen Nuba da Larabci da Turkanci. A 1972 masu tono suka sami wata doguwar wasiƙa ta Larabci, ta fi mita 2, wadda gwamnan Masar Musa bin Ka'ab ya aika wa sarkin Nuba a shekara ta 141 bayan Hijira, watau 758.

Muhimmancin wasiƙar shi ne, malaman tarihi irin su Maƙrizi sun ba da labarin sulhun da Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarhi ya ƙulla da Nubawa a shekara ta 31 bayan Hijira, daidai da 652, bayan ya kewaye birnin Dungula. Ana kiran sulhun Baƙaɗ, ya kuwa ɗore ƙarni shida ko kusa da haka tsakanin Musulmin Masar da Kiristocin Nuba. Sai dai littattafan da suka kawo labarin an rubuta su ne daɗewa bayan aukuwarsa. Wasiƙar Ibrim ta fito daga hannun wanda ke kan mulki sa'ad da ake aiki da alkawarin, yana kuka cewa ana cutar fatake Musulmi, ana kuma ɓoye bayin da suka gudu. Wannan sheda ce ta zamani, wadda ko riwaya goma ba za ta maye gurbinta ba.

Duk da haka, mu lura da wanda ya fi samun rabo a aikin ceton. Dutsen sarakuna aka ɗaga. Gidan ƙasa na talaka mai zanen ƙofa, da masallacin ƙauye, da hubbaren shaihi, da maƙabartar kakanni, ba a iya ɗauke su, suka narke cikin ruwa. Abin da ya saura nasu sai wanda aka rubuta ko aka ɗauki hotonsa. Masana daga Jami'ar Amurka ta Alƙahira sun zaga ƙauyukan Nuba daga 1961 zuwa 1964 suna rubuta al'adun mutane. Hasan Dafalla, jami'in da ya shugabanci kwashe mutanen Wadi Halfa, shi ma ya bar littafi a kan abin da idonsa ya gani, aka buga shi a 1975. A 1997 aka buɗe gidan tarihin Nuba a Aswan.

Ceto kuma bai ƙare da ɗauko kaya ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya ritsa da gidan tarihin Khartum, aka wawashe kayayyaki masu yawa daga cikinsa. Abin da ya tsira daga ruwa sai ga shi a hannun ɓarayi. Amma wasiƙar Musa bin Ka'ab, tun da an karanta ta, an ɗauki hotonta, an buga nassinta, ba wanda zai iya shafe ta daga ilmin duniya ko da takardar ta salwanta.

Saboda haka, duk inda za a datse kogi, ya wajaba a soma da ƙirga abin da ruwa zai ci: a tambayi dattawa sunayen wurare da salsalar gidaje, a zana wuraren masallatai da maƙabartu, a kwafi takardu a ajiye su wuri fiye da ɗaya, tun kafin a rufe ƙofar ruwa. Allah Ya sa mu dace.