Kalmar "Too" ta Ingilishi da Yadda Hausa ke Bayyana Wuce Kima

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za a duba kalmar nan ta Ingilishi "too", wadda masana nahawu suka sa a rukunin bayanau. Asalinta ɗaya da kalmar "to", sai a ƙarni na 16 aka zaunar da rubuta ta da wasali biyu. Ma'anoninta manya guda biyu ne. Ta farko daidai take da "ma" ta Hausa, kamar a "shi ma ya zo". Ta biyu kuwa, wadda ita ce abin nazari a nan, tana nuna cewa abu ya zarce iyakar da ake bukata.

Inda Matsalar Take

Ɗalibai da yawa sukan ɗauka "too" da "very" abu guda ne, alhali kuwa akwai bambanci. "Very" ƙarfafawa kawai take yi, kamar "ƙwarai" ko "sosai". Ita kuwa "too" hukunci take yankewa, wato abin ya wuce yadda za a yi amfani da shi. A ɗauki misali daga kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a kan iyakar Nijeriya da Nijar:

(1) The ram is very expensive.
(2) The ram is too expensive.

A jimla ta farko ragon yana da tsada ƙwarai, amma mai saye yana iya daurewa ya biya. A ta biyu ciniki ya watse, domin kuɗin ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ɗalibin da ya so yabon malaminsa ya rubuta "too strict", yana nufin mai tsare gaskiya, ya kai ƙararsa ne bai sani ba. Irin wannan tuntuɓe yana samun masu koyon Faransanci a ƙetaren iyakar, tsakanin "très" da "trop".

Hanyoyin Hausa

Dalilin ruɗanin shi ne Hausa ba ta keɓe bayanau guda domin wannan aiki ba, aikatau ta ɗora wa nauyin. Hanya ta farko ita ce "yi" tare da suna:

(3) Gishiri ya yi yawa a miya.
(4) Rigar ta yi wa yaron girma.

A jimla ta huɗu "wa" ita ce ta nuna wanda aka auna abin da shi. Hanya ta biyu ita ce "cika" ko "faye", musamman ga hali:

(5) Dillalin nan ya cika surutu.

Abin lura, idan aka kore "cika" sai ma'anar ta koma ƙaranci: "bai cika zuwa Gagarawa ba" na nufin jefi-jefi yake zuwa. Hanya ta uku kuwa ita ce "fi ƙarfin" ko "har ba", inda Ingilishi ke haɗa "too" da "to":

(6) Ya gaji har ba ya iya kaiwa Sule Tankarkar a ƙasa.

Bayan waɗannan akwai "fiye da kima", da salon magana irin su "wuce gona da iri" da "wuce makaɗi da rawa".

Kammalawa

Gaskiya ne a Ingilishin titi na Nijeriya akan ce wa gwani "you are too much" da nufin yabo, kamar yadda Bahaushe kan ce wane ya wuce misali. Amma wannan ba ya karɓuwa a jarrabawa ko takardar ofis. Don haka mai fassara, ko a ajin Kwalejin Ilimi ta Gumel yake ko a gidan rediyo, ya kamata ya fara tambayar kansa: shin abin ya yi yawa ne, ko kuwa yana da yawa? In ya yi yawa, "too" ce. In yana da yawa kawai, "very" ta wadatar.