In Mota Ta Tsaya a Hanya: Abin Dubawa Kafin a Kira Makaniki

Wata Asabar cikin damina muna dawowa daga jana'iza a wani ƙauye bayan Zonkwa, mu 14 cikin bas ɗin ekklesiyarmu, sai muka tsaya sayen masara. Da direba ya murɗa makulli, sai muka ji ƙat-ƙat-ƙat, inji bai juya ba. Ya ce kik ne ya mutu. Muka aika yaro a kan acaɓa ya nemo makaniki, muka yi awa 3 a bakin daji tare da tsofaffi da masu goyo, ga duhu ga sauro. Da mutumin ya iso, ya ɗaga bonet ya taɓa kan batir, sai wayar ta juya a hannunsa. Ya kankare farin garin da ya taru a wurin, ya ɗaure da sifana lamba 10, mota ta tashi. Aikin minti 5 ne.

'Yan'uwa masu karatu, tun daga ranar nake tambayar makanikai da masu gyaran waya. Ga abin da ya kamata kowane mai mota da direba ya sani.

In mota ta ƙi tashi, fara da kunne. Kunna fitilun gaba, sa'an nan ka murɗa makulli. In fitilu suka dushe kana jin ƙat-ƙat, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya kwance ko ya yi datti. In fitilu suna nan da haskensu amma ba motsi, laifin yana wajen kik ko wayar da ke zuwa gare shi. In kuwa inji yana juyawa sosai amma bai kama ba, batir ba shi da laifi. Ko mai ba ya isowa, ko fulogi ba ya ba da wuta. A motocin da ke da famfon mai na lantarki, in ka buɗe makulli za ka ji ɗan gurnani daga wajen tanki na daƙiƙa 2 ko 3. In shiru ne, duba fiyus ɗin famfon tukuna.

Ƙaramar mitar auna wuta tana raba gardama. Cikakken batir yana nuna kamar bolt 12.6 in inji yana kashe. In inji yana aiki, ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, altaneta ba ta caji, kuma ko ka sayi sabon batir zai mutu cikin kwanaki. Mutane da yawa sun yi wannan hasara. Jar fitila mai hoton batir in ta kama kana tafiya, abin da take faɗi ke nan; tsaya ka duba fambel, wataƙila ya saki ko ya tsinke.

In za ka ɗauki wuta daga wata mota, bi da bi ake yi. Jar waya a kan alamar + ta mataccen batir, ɗaya bakin a + ta mai rai. Baƙar waya a alamar − ta mai rai, ɗaya bakin a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, domin batir yana fid da iskar da tartsatsi ke iya kunnawa. Mota mai giyar otomatik kuwa ba a tayar da ita da turi.

Fiyus in ya ƙone, sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada ka yarda a naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa. An yi fiyus ne domin ya ƙone a madadin wayoyin mota. In ka hana shi, wayoyin ne za su ci wuta. In sabon ya sāke ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa jikin mota, sai mai gyaran waya.

Sai zafi. In allurar zafi ta doshi ja, sauka gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto nan take, gama ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, zai yi tsiri ya saɓule maka fuska da hannu. Jira aƙalla minti 30. Sa'an nan ka duba ko ruwa ya ragu, ko tiyo ya fashe, ko fanka ba ta juyawa, ko laka da ciyawa sun toshe gaban lagireto. Mai cewa bari in lallaɓa in kai gari, yakan ƙone gasket, gyaran kwana ɗaya ya koma sauke inji. Haka ma jar fitila mai kamar buta: tana cewa baƙin mai ba ya zagayawa. Kashe inji nan da nan ka duba sandar awo.

Hayaƙin salansa ma yana magana. Baƙi, mai ya fi iska yawa; sau da dama matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe. Shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai, ringi sun cinye. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ga ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne ke shiga inji.

Birki kuwa ba abin lallaɓawa ba ne. In ka taka ka ji ya yi laushi ko yana nutsewa ƙasa, mai yana yoyo ko iska ta shiga. In kana jin ƙarfe yana gogar ƙarfe, takalmin birki ya ƙare. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo, sauka da ƙaramin giya, domin birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Dubi jikin taya kuma: lambobi 4 na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya takan fashe ko da zanenta bai cinye ba.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna, makaniki da kunne da sukudireba yake gane ciwon kafireto. Motocin yanzu suna da kwamfuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, yawancin na Turai da Japan ma sun bi. In fitila mai hoton inji ta kama, a jona na'ura a karanta, kada a yi ta canza kaya da ka. Kuma in an canza maka wani abu, ka ce a ba ka tsohon.

Kafin doguwar tafiya, ba mota minti 10: ruwa, baƙin mai, man birki, iskar taya har da safaya, kan batir, fitilu. Ajiye jak, sifana, filaya, tocila, fiyus, fambel da galan ɗin ruwa. Rigakafi ya fi magani, balle ga wanda ya ɗauko 'ya'yan mutane a bayansa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.